Kifin betta ba mugu bane kamar yadda ake cewa

Tun ba yau ba nake jin mutane a Agege da Idi-Araba suna cewa wai kifin nan betta, mai dogon ƙege ja ko shuɗi, duk abin da aka saka masa a ruwa sai ya kashe, shi yasa ake kulle shi shi kaɗai a ƙaramar kwalba. Gaskiya ba haka abin yake ba.

Faɗansa yawanci da ɗan uwansa namiji ne. Asalinsa Tailan ne, a gonakin shinkafa, can kowane namiji yana da wajen da yake tsarewa saboda shi ke yin gidan kumfa ya kula da ƙwai, in wani ya matso sai su buɗa ƙege su kumbura, wanda ya ji tsoro ya gudu shikenan. To a kwalba ina zai gudu? Kuma mutane ne suka daɗe suna kiwonsa don haɗa shi faɗa ana caca har zafinsa ya ƙaru. Ko madubi ka nuna masa sai ya hau fushi, bawan Allah da kansa yake faɗa.

In tanki babba ne da ganyaye, yawancinsu suna zama lafiya da dodon koɗi, amma hali ya bambanta, wani akwai baƙar zuciya. Maza biyu dai kar ka soma haɗawa.