Mece ce otofailot a ƙaramin jirgin ruwa?

Da an ce otofailot, hankalin yawancinmu sai ya tafi kan jirgin sama. Amma a tashoshin ƙananan jiragen ruwa na Ingila da Faransa da Amurka kalmar ta zama ruwan dare, har jirgin da bai wuce mita 8 ba za ka same shi da ita. Na'ura ce da ke riƙe wa jirgi alƙibla ɗaya domin hannun matuƙi ya huta. Aikinta ke nan kawai. Sunan yana sa wasu su zaci jirgin ne ke kai kansa inda za shi, alhali na'urar ba ta da ido, ba ta san akwai dutse ko wani jirgi a gaba ba.

Abubuwa uku ne suka haɗa ta: kamfas na lantarki da ke faɗin inda hancin jirgi ya dosa, ƙaramar kwamfuta mai lissafi, sai injin da ke motsa abin tuƙi. A jirgin da ake tuƙawa da sanda, duka ukun suna cikin siririn akwati guda. Ana kafa gindinsa a gefen mazaunin matuƙi, sandar ƙarfen da ke fitowa daga bakinsa kuma a maƙala ta a jikin sandar tuƙi. Matuƙi ya daidaita jirgi, a ce digiri 270, wato yamma sak, ya danna maɓallin Auto, ya saki hannu. Daga nan sai ka riƙa jin ɗan kukan injin, zii, zii, ƙarfen yana shiga yana fita kaɗan-kaɗan. In yana so ya karkata, akwai maɓallan digiri 1 da na digiri 10, dama da hagu.

Inda abin ya fi burge ni shi ne lissafin. Jirgin ruwa ba ya juyawa nan take, kuma in ya fara juyawa ba ya tsayawa nan take. Da na'urar za ta jira sai hanci ya dawo kan layi kafin ta saki, da jirgin ya zarce, ta sake jawo shi ya sake zarcewa, ya yi ta tafiyar maciji. Wani injiniya mai suna Nicolas Minorsky ya zuba wa ƙwararrun matuƙa ido, ya lura abu uku suke aunawa ba tare da sun sani ba: nisan da jirgi ya kauce, tsawon lokacin da ya yi a kauce, da saurin da yake juyawa. Ya wallafa wannan a 1922, aka gwada a jirgin yaƙin Amurka USS New Mexico a 1923. Har yau wannan lissafi ne ginshiƙin aikin, shi ya sa na'ura mai kyau takan fara sassauta sanda tun kafin jirgi ya gama dawowa, kamar dai tsohon hannu.

Ƙananan jirage sun daɗe ba su samu ba. A tseren tsallake Tekun Atlantika na mutum ɗaya da aka fara a 1960 daga Plymouth zuwa New York, Francis Chichester, wanda ya zo na ɗaya cikin kwana 40, da wani faifai mai bin iska ya dogara, ba lantarki. A shekarun 1970 ne kamfanoni irin su Autohelm na Ingila suka kawo ƙanana masu aiki da batir mai bolt 12. Yanzu a tseren Vendée Globe, inda mutum ɗaya ke zagaya duniya ba tsayawa, kusan duk tafiyar na'urar ce ke riƙe da jirgi, in ba haka ba yaushe zai yi barci?

Tana da nata rauni. Ajiye wuƙa ko lasifika kusa da kamfas ɗin ya isa ya karkatar da ita. Tana shan batir sosai idan teku ta yi fushi. Sannan riƙe alƙibla daban, isa wuri daban: hanci na iya kallon yamma, igiyar ruwa tana jan jirgin kudu a hankali, sai fa in an haɗa ta da GPS ta riƙa gyarawa.

Dokar kauce wa karo a teku ta 1972, a ƙa'ida ta 5, ta wajabta wa kowane jirgi ya kasance da mai lura ta ido da kunne a kowane lokaci, kuma kunna otofailot bai ɗauke wa kowa wannan nauyi ba. Abin da masu tafiya su kaɗai suka fi tsoro ma shi ne faɗawa ruwa na'urar tana aiki, domin jirgin zai ci gaba da tafiyarsa tiryan-tiryan, mai shi yana kallo. Saboda haka suke ɗaure kansu da igiya a jikin jirgi kafin su taka gaba, wasu kuma su rataya ƙaramin rimot a wuya, wanda da zarar ya yi nisa da jirgi sai na'urar ta juya hancinsa ya fuskanci iska, ya rage gudu.