Ilimin Halittu da Tace Ɗaliban Likitanci a Sudan

A Sudan, hanyar zama likita tana farawa ne tun daga sakandare, inda ɗaliban kimiyya ke zaɓar darasin ilimin halittu, wanda ake kira ahya da Larabci. Sakamakon jarrabawar Shahada Sudaniyya, wato jarrabawar kammala sakandare, shi ke raba gardama. Mai neman gurbi a tsangayar likitanci ta Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Makarantar Likitanci ta Kitchener da aka buɗe a 1924, sai makinsa ya haura kashi 90 cikin ɗari. Wannan ne rariya ta farko.

Matsalar ita ce yawancin koyarwar hadda ce. A makarantun karkara da yawa, yaro yakan zana ƙwayar halitta a littafinsa, ya haddace sunan kowane sashe nata, alhali bai taɓa ɗora ido a kan madubin ƙara girma ba. Ga 'ya'yan Hausawan Mai Wurno, Gadarif da Kasala kuwa, nauyin ya ninka: Hausa a gida, Larabci a aji, sannan a jami'a su tarar da manyan littattafan likitanci da Turanci. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ke gazawa ba, harshe ne ke tare hanya, kuma ba a cika lissafa wannan ba.

Rariya ta biyu tana shekarun farko na jami'a. Bayan share fage da kemistiri, fiziks da ilimin dabbobi, sai a shiga tashrihi, wato nazarin sassan jiki a kan gawa, da ilimin aikin gaɓoɓi da bayokemistiri. Wanda ya faɗi yakan sake jarrabawa ko ya maimaita shekara, in abin ya ci tura ya koma wata tsangaya.

Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta ɗauki wani salo. Tana gina darasi a kan matsalar mara lafiya, tana tura ɗalibai ƙauyuka tun da wuri, su ga tsargiya da zazzaɓin cizon sauro a bakin magudanan ruwan noma kafin su haddace su a takarda.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe jami'o'i da dama, jarrabawar Shahadar 2023 ma ba a zauna ta ba sai a Disambar 2024.