Sitiroberi a gida: yaushe za a wanke shi, ina za a ajiye shi?

Me ya sa yake saurin lalacewa haka?

Domin ba shi da ɓawon da zai kare shi. Fatarsa siririya ce, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Ko da yatsa aka ɗan matsa shi yau, gobe wurin zai yi laushi ya fara tsattsafo da ruwa. Ga kuma wata fumfuna mai launin toka da masana ke kira Botrytis cinerea. Ƙwayoyinta sukan biyo shi tun daga gona, danshi kawai suke jira su tashi.

To, a wanke shi da zarar an shigo da shi gida?

A'a. Nan ne mutane da yawa ke cutar kansu da sunan tsafta. Ruwan wankin yakan maƙale a ƴan ramukan da ƙwayoyin irinsa ke zaune da kuma ƙarƙashin ganyen kansa, fumfuna ta samu abin da take so. Abin da ya kamata a yi a ranar farko shi ne tsinta. A juye shi a faranti, a duba ɗaya bayan ɗaya, musamman na ƙasan roba da nauyin sauran ya danne. Wanda ya yi laushi a ci shi a ranar. Wanki kuwa sai an tashi ci, kuma iya wanda za a ci.

Yaya ake wankin?

A zuba shi a kwando, a sakar masa ruwan sanyi a hankali ana jujjuya shi da hannu. A kusa da ƙasa yake fitowa, don haka ba a rasa yashi a jikinsa. Kada a cire ganyen kan sai an gama wankewa, in ba haka ba ruwa zai shige ta ramin ya salamce ɗanɗanon. Sabulu ko omo ba su da gurbi a nan, tsokarsa tana shanye su.

Ana cewa ruwan khal yana sa ya daɗe. Gaskiya ne?

Da ƙamshin gaskiya. Kofi 1 na ruwan khal a cikin kofi 3 na ruwa, a tsoma na ƴan mintuna, a ɗauraye, yana rage ƙwayoyin fumfunar da ke saman fata. Sai dai rabin aikin ke nan. Dole a shanya shi a kan tsumma mai tsafta ko tishu har ya bushe sarai kafin ya shiga firji. A ganina, wanda ba shi da haƙurin shanyar nan gara ya bar dabarar, domin jiƙaƙƙen sitiroberi ya fi wanda ba a taɓa ba saurin mutuwa.

Wane irin mazubi ya dace, kuma kwana nawa zai yi?

Mai faɗi, ba mai zurfi ba. A shimfiɗa tishu a ƙasa, a jera shi ba tare da an cusa ba, a ɗora murfi amma a bar kafar iska. Leda da aka ƙulle tam tana tara gumi. Sanyin da ya fi so yana dab da digiri 0 a ma'aunin salshiyos, firjin gida kuwa kada ya wuce digiri 4. A haka yakan yi kwana 3 zuwa 7, ya danganta da yadda ya iso hannu. In babu firji, a saya iya na cin rana guda. Wanda aka yanka kada ya wuce awa 2 a waje. Sanyi yana danne ƙamshinsa, shi ya sa fito da shi rabin awa kafin ci ke ƙara masa armashi.

Idan na bar mai fari-fari a waje, zai nuna?

Ba zai ƙara zaƙi ba. Da an tsinke shi, sukarinsa ya tsaya inda yake, ko da launin ya ɗan ƙara ja.

Ɗaya ya yi fumfuna. A zubar da duka?

A zubar da shi da waɗanda suka manne da shi. Kada a yanke wurin a ci sauran, domin a abu mai laushi fumfuna tana kutsawa ciki fiye da inda ido ke gani. Ragowar da ke da ƙarfi a sauya musu mazubi, a wanke a ci da wuri.

Firiza fa?

Ban da dabarar ruwan khal, nan ne kaɗai ake wankewa kafin ajiya. A wanke, a busar, a cire ganyen, a jera a tire ba tare da suna taɓa juna ba. Idan sun daskare sai a juye a leda, a matse iskar, a rubuta kwanan wata. Haka ba za su dunƙule wuri guda ba. A digiri 18 ƙasa da sifili suna kai wata 8 zuwa 12. Amma ƙanƙara tana farfasa tsokarsa, idan ya narke zai saki jiki ya zubar da ruwa, don haka markaɗe ko dafawa ya fi dacewa da shi.