Roka daban, makami mai linzami daban

Tun da Iran da Isra'ila suka fara yi wa juna luguden wuta, kullum sai ka ji mai karanta labarai ya ce "roka" a jimlar farko, a ta biyu ya ce "makami mai linzami", alhali abu ɗaya yake nufi. Wani ma har "kumbo" yake haɗawa. Abin yana damuna, domin Hausa ta riga ta raba su.

Wanda ya fara cewa "mai linzami" ya san doki. Da linzami ake juya doki bayan ya zabura, haka wannan makami yake da na'urar da ke gyara masa hanya bayan an harba shi. Roka kuwa sunan inji ne. Tana ɗauke da manta da iskar oksijin da za ta ƙona shi, shi ya sa take tafiya har inda babu iska. Yawancin waɗanda ake harbowa daga Gaza rokoki ne marasa linzami, inda suka faɗa nan suka faɗa. Tomahawk na Amurka yana da linzami, amma injin irin na jirgin sama ne ke tafiyar da shi.

Inda biyun suka haɗu sosai shi ne a hannun Wernher von Braun, Bajamushen da aka haifa a 1912. Tun yana saurayi burinsa zuwa wata, amma sojojin Jamus ne suka ba shi kuɗi, ya shiga jam'iyyar Nazi, daga baya ya zama jami'in SS, rundunar musamman ta jam'iyyar. A Peenemünde da ke arewacin Jamus shi da mutanensa suka ƙera rokar A-4, wadda ta tashi lafiya ranar 3 ga Oktoba 1942. Manta barasa ce da oksijin da aka sanyaya har ya zama ruwa. Linzaminta wasu na'urori ne masu juyawa kamar katantanwa, su ke sarrafa ƙananan faifai a bakin wutar da ke fita. Gwamnatin Hitila ta sake mata suna V-2, wato makamin ramuwar gayya na biyu. Daga Satumban 1944 aka harba fiye da 3,000, akasari kan Landan da birnin Antwerp na Beljiyam. Ta fi sauti gudu, sai ta fashe kafin a ji ƙarar zuwanta.

Ga abin da ba na iya wucewa. A cikin ramukan dutse kusa da garin Nordhausen na Jamus aka riƙa haɗa ta, da hannun fursunonin sansanin Mittelbau-Dora, cikin yunwa da duka da rataya. Waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe a inda ta faɗa. Von Braun ya sha shiga ramukan nan, idonsa ya gani. Shi ya sa in na ji ana kiransa "masanin roka" kawai, sai in ga an yi amfani da kalmar an wanke shi. Makami ya ƙera, kuma ya san su wa ke haɗa masa.

A Mayun 1945 ya miƙa wuya ga Amurkawa, suka kwashe shi da injiniyoyinsa sama da ɗari. Rokarsa ce ta ɗaga Explorer 1, tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, a Janairun 1958. Wata rokar tasa, Saturn V mai tsawon mita 110, ita ta ɗauki kumbon Apollo 11 zuwa wata a Yulin 1969. Kumbo shi ne ɗakin da ke bisa kai, roka ita ce mai ɗaukarsa.

Rokar Redstone da ya ƙera a Huntsville ta Amurka, jikar V-2, an yi ta ne don ɗaukar bam ɗin nukiliya, kuma an girke ta a Jamus ta Yamma. A Mayun 1961 aka gyara irinta, aka ɗora kumbo a mazaunin bam, Alan Shepard ya shiga ciki ya zama Ba'amurke na farko da ya leƙa sararin samaniya.