Gano Majinyatan da ke Buƙatar Jinyar Sassauci

Jinyar sassauci ita ce kulawar da ake ba mai fama da ciwo mai tsanani wanda ba a sa ran warkewarsa, don a rage masa raɗaɗi da damuwa, a kuma tallafa wa iyalin da ke jinyarsa. Gano wanda ya kai wannan matsayi ya fi rataya a wuyan likitan da ke duba kowa da kowa, da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci, domin wurinsu majinyaci ke fara zuwa, wurinsu kuma yake komawa in babban asibiti ya sallame shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar wannan kulawa a kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu.

Tarihi

Ana danganta tsarin na zamani ga Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara da aikin nas kafin ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan. Ta koyar da cewa ciwon wanda ajali ya kusanto bai tsaya a jiki ba, ya haɗa da tsoro, da tunanin iyali, da abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Ta kuma dage cewa a riƙa ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci, kada a jira sai majinyaci ya yi kuka. A tsakiyar shekarun 1970 likita Balfour Mount ya kafa irin wannan sashe a cikin babban asibiti a Montreal ta Kanada, sannan a 1987 Birtaniya ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta.

Da farko masu ciwon daji da ke makonninsu na ƙarshe aka fi kula da su. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa ma'anar, ta ce ana iya fara sassauci tun da wuri, tare da maganin da ake fatan zai tsawaita rai. Daga nan tambayar wa za a saka a ciki, kuma yaushe, ta zama babbar magana.

A Afirka, an kafa gidan jinya na Island a Zimbabuwe a 1979. Likita Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa nata a Yuganda a 1993, kuma can ne ruwan mofin mai arha, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ya yaɗu. A Najeriya aikin ya fi kafuwa a Ibadan ta hannun Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma wajen 2007 aka samu ƙungiyar ƙasa ta masu wannan aiki.

Hanyoyin ganowa

Masana sun lura cewa jiki yakan bi hanya uku zuwa ƙarshe. Mai ciwon daji yakan daɗe da ƙarfinsa, sai ya rushe cikin 'yan makonni ko watanni. Mai ciwon zuciya, huhu, hanta ko ƙoda yakan kwanta ya tashi, amma kowane tashi bai kai na baya ba. Tsoho mai rauni ko mai gigin tsufa kuwa a hankali yake ja baya shekara da shekaru. Rukuni na biyu da na uku su aka fi mantawa da su, don ba su da wata rana da za a ce daga yau al'amari ya sauya.

Hanya mafi sauƙi ita ce likita ya tambayi kansa: zan yi mamaki idan wannan majinyaci ya rasu cikin wata 12 masu zuwa? In amsar a'a ce, sai ya zurfafa dubawa. Tsarin Gold Standards Framework na Ingila, na kula da waɗanda ajali ya kusanto, wanda ya fara a wajejen 2000, ya ɗauki wannan tambaya. Jami'ar Edinburgh kuma ta fitar da ma'aunin SPICT a 2010, mai lissafa alamomi kamar yawan kwanciyar gaggawa a asibiti, ramewa, wuni a kwance ko a zaune fiye da rabin rana, dogaro da wasu wajen wanka da cin abinci, da raɗaɗin da ya ƙi jin magani. Idan majinyaci ko iyalinsa da kansu suka ce a bar wahalar da shi, wannan ma alama ce.

A Kaduna

An gina waɗannan ma'aunai ne a inda kowa ke da likitansa da fayil guda na shekaru. A Kaduna majinyaci yakan fara da kemis ko mai maganin gargajiya, ya je asibitin unguwa, ya wuce asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, daga nan a tura shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, kowane wuri da katinsa. Masu sankarar mama da ta mahaifa da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, don haka ranar da aka gano cutar ita ce ranar da ya kamata a fara sassauci. Akwai kuma wanda kuɗin wankin ƙoda ya gagare shi, aka mai da shi gida: buƙatarsa ta fi ta kowa, amma shi ya fi saurin ɓacewa daga idon asibiti. A irin wannan hali mai jinya, wadda galibi uwa ce ko mata ko 'ya, ita ce ta san ya daina cin tuwo ko ya koma salla a zaune, kuma bayaninta yakan cike gurbin fayil.

Saɓani

Bincike ya nuna tambayar mamaki ba ta cika dacewa ba, musamman a cututtukan da ba daji ba. Masu kare ta na cewa ba don faɗin ranar mutuwa aka yi ta ba. Ana kuma jayayya kan a faɗa wa majinyaci gaskiya ko a tsaya ga dangi, a wurin da Musulmi da Kirista duk suka yarda ajali na hannun Allah, kuma iyalai da yawa ke roƙon likita ya ɓoye.