Yaron da ke hannunka, ka taɓa tambayarsa me ke damunsa?

Jama'a assalamu alaikum. Mu da muke aikin lafiya a unguwanni mun saba, a kawo yaro mu ɗora shi a sikeli, mu auna damtse, mu duba katin rigakafi, in komai ya yi daidai sai mu ce lafiyarsa ƙalau, alhali yaron nan ya yi wata guda ba ya magana da kowa a gidan da aka kai shi riƙo, kuma wallahi babu wanda ya tambaye shi.

Abin da ya sa na tado maganar shi ne wata koyarwa ta 'yan asalin ƙasar Kanada, irin su ƙabilar Cree da Ojibwe. Dattawansu suna zana da'ira su raba ta gida huɗu: jiki, hankali, zuciya, da ruhi. A wajensu in ɗaya ya gurgunce to mutum bai da lafiya ko da ƙiba yake yi kamar me. Ojibwe har suna da kalmarsu, mino-bimaadiziwin, wato rayuwa mai kyau wadda komai ya zauna daidai. Ban ce a ɗauki aƙidarsu ba fa, mu muna da addininmu, amma awon da suke yi wa lafiyar yaro ya fi namu na sikeli faɗi.

Kuma ba a banza suka riƙe wannan abu ba, wuya suka sha. Gwamnati da coci-coci sun kwashe yaransu kusan 150,000 zuwa makarantun kwana inda aka hana su yarensu, aka raba su da iyaye, haka aka yi ta yi har cikin shekarun 1990. A shekarun 1960 zuwa 1980 kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suka riƙa ɗauke jarirai suna ba wa Turawa da sunan taimako. Yaro ya samu abinci da gado, amma bai san sunan kakarsa ba, ya girma da ciwon da babu allurarsa. Ƙidayar 2021 ta nuna 'ya'yan 'yan asalin ƙasar kashi 7.7 ne cikin ɗari na yaran Kanada 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na waɗanda ke riƙon gwamnati.

Labarin Jordan River Anderson kam duk sanda na tuna sai raina ya sosu. Ɗan garin Norway House ne a lardin Manitoba na Kanada, an haife shi da lalura, likitoci suka ce zai iya barin asibiti a kula da shi a gida, sai gwamnatin tarayya da ta lardi suka tsaya jayayya kan wa zai biya kuɗi, fiye da shekara biyu ana abu ɗaya, har ya rasu a asibiti a 2005 yana ɗan shekara 5. A 2007 majalisa ta amince da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: a fara yi wa yaro hidima, rigimar kuɗi ta biyo baya.

Yaran ma ba su yi shiru ba. Shannen Koostachin 'yar Attawapiskat, wani garin 'yan Cree a lardin Ontario, tana 'yar shekara 13 ta je Ottawa ta tsaya gaban minista tana neman a gina musu makarantar kirki. A 2020 kuma sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba al'ummomin ikon kula da yaransu da kansu, ta ce a fifita dangi wajen riƙo, kuma a duba ra'ayin yaron gwargwadon shekarunsa.

To mu riƙo ba baƙonmu ba ne, goggo ta ɗauka, kawu ya ɗauka, maraya ya koma wajen baffa. Don Allah iyayena mata da ku iyaye maza, kafin a ɗaure wa yaro kaya a gaya masa ina za shi da dalili. Kar a yanke shi da 'yan uwansa da ya sha nono ɗaya da su, a bar shi ya je ganin gida da sallah. In ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya bar cin abinci, ko ya daina wasa, a ajiye bulala, a ja shi gefe ba a gaban mutane ba a ce Ƙanina ko 'Yata, me ya faru, sannan a yi shiru a jira shi. Wani sai a zama na uku yake buɗe baki. In abin ya wuce sati biyu ku kawo mana shi asibiti, ku bar mu mu gana da shi shi kaɗai na ɗan lokaci.