Kiyub ɗin Rubik a waya: tambayoyi da amsoshi

Ina asalin wannan wasa da yaranmu na Agege da Idi Araba a Legas ke murzawa a waya?

Asalinsa abin wasa ne na hannu. Wani malamin zanen gine-gine ɗan ƙasar Hungari, Ernő Rubik, shi ya ƙera shi a birnin Budapest a 1974. Fuska shida gare shi, kowace fuska da gida tara, launuka kuma shida. Shi kansa mai ƙirar sai da ya kwashe kusan wata guda kafin ya mayar da launukan mazauninsu. A 1980 ya bazu a kasuwannin duniya, a 2014 kuma Google ta ɗora wanda ake murzawa da linzamin kwamfuta a shafinta na farko don cikarsa shekara 40.

Da gaske yana da wuya haka?

Hanyoyin da zai iya cakuɗewa sun haura 43 mai sifili 18 a bayanta. Duk da haka, a 2010 masana lissafi sun tabbatar da kwamfuta cewa duk yadda aka hargitsa shi, juyi 20 ya isa a warware shi. Mai koyo ba ya bin wannan gajeriyar hanya, hawa-hawa yake bi, ya gama na ƙasa ya hau na tsakiya, sannan na sama, inda yawancin mutane ke maƙalewa.

Manhajar da ke duba kiyub da kyamara ta faɗi amsa fa, ba yaudara ba ce?

Ya danganta da yadda aka riƙe ta. Wanda ya bi kibiyoyinta ido rufe zai ga launuka sun daidaita, amma bai koyi komai ba, gobe ma sai ya koma mata. Ni dai na fi yarda da manhajar da ke bayyana dalilin kowane juyi.

Na waya ko na hannu, wanne ya fi?

Na waya yana da amfaninsa. Ba ya karyewa, ƙane ba zai ɓamɓare masa launi ba, kana zaune a matse cikin danfo a gosulon Oshodi ma za ka iya yi da babban yatsa. Yana kuma bari ka janye juyin da ka yi kuskure. Sai dai fuska uku kawai kake gani a lokaci guda, kuma shafa gilashi ba ya koya wa yatsu komai. Masu gasar saurin warware kiyub da yatsu suke haddace juyi, shi ya sa a gasar duniya ta farko a Budapest a 1982 wanda ya lashe ta, Minh Thai, ya gama cikin daƙiƙa 22.95. Ga iyaye, shawarata ita ce yaro ya koyi dabara a waya, a kuma saya masa na roba ya riƙa murzawa. Abin lura ɗaya: in na hannu ya tarwatse aka harhaɗa shi kara zube, sau ɗaya ne cikin 12 zai warwaru, don haka a haɗa shi launi bisa launi tun farko.

Yana cin data?

Da yawansu suna aiki ba tare da intanet ba da zarar an sauke su. Kashe data ma kan rage tallace-tallacen da ke katse wasan.